Bayanin Awad Tela a Ranar Sunan Ɗansa

Awad tela yana cikin Yahudawan birnin Adan da suka ƙaura suka zauna a birnin Asmara. An san shi da kyan ɗinkin kwat, an kuma san shi da bayanin sunaye. Ba malami ba ne, sai dai ya zauna gaban malamansu yana yaro, ya riƙe abin da suka faɗa game da sunayen mutanen farko. Saboda haka idan aka haifi namiji, rana ta takwas da ake kaciya a raɗa suna, shi ake tayarwa ya yi jawabi kafin a kai hannu ga gurasa da miyar hulba.

A maraya ya tashi. Yayarsa Gazal ce ta goyo shi a jirgin ruwan da ya kawo su, ita ta yi ta gasa gurasa tana kaiwa kasuwa har ya iya riƙe almakashi. Ba ta yi aure ba sai da ta ga nasa, Allah kuma bai nufe ta da haihuwa ba.

Bayan 'ya'ya mata uku, Awad ya sami namiji. A al'adarsu mace guda ake zaɓa ta ɗauko jariri daga ɗakin uwarsa ta miƙa shi a ƙofar maza, kuma babu girman da mace take samu a taron kamar wannan. Gazal ba ta tambaya ba, domin ba ta ga abin tambaya ba. Ta ƙunsa lalle, ta fito da rigar aurenta. Shi kuwa Awad ya riga ya yi wa Mansur, attajirin da yake kawo masa ɗinki, alkawarin cewa Lulu, matar Mansur ɗin, ce za ta ɗauko yaron, ya kuma kasa faɗa wa yayarsa. Sai a bakin ɗakin mai jego ta ji, hannuwanta a miƙe.

Aka raɗa wa yaro Yahuda. Awad ya miƙe ya ce asalin sunan godiya ce. Malamai sun ce Lai'atu, matar Annabi Yakubu, da ta haifi ɗa na huɗu ta ga an ba ta fiye da rabonta, sai ta sa masa sunan da duk ranar da ta kira shi za ta tuna Wanda ya ba ta. Ya ce, "Mutum yakan gode wa baƙon da ya ba shi ruwa, ya manta da…"

A nan idonsa ya faɗa ƙofar madafa. Gazal tana tsugune tana wanke kofunan gahawar baƙi, ta naɗe hannun rigar aurenta, lallen ya yi ja. Maganar ta tsaya masa.

Wani tsoho ya ce, "Awad, allurar ce ta karye?"

Aka yi dariya. Ya zauna bai ƙarasa ba.

Washegari ya same ta a gaban tanda. Ya ce, "Yaya, na zo ne…"

Ta ce, "A'a, malam ne da kansa? Matsa, kada gari ya ɓata maka kwat."

"Yaya, na yi kuskure."

"Kuskure shi ne ka ɗinka aljihu a baya. Wannan aunawa ka yi, ka yanka." Ta juya gurasa. "Ina matar Mansur take ranar da kake amai a bayana cikin jirgi?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce idan Allah ya sake ba shi namiji, babu mai ɗauko shi sai ita.

Ta ce, "Allah ya kawo. Ungo, kai wa mai jego da zafinta."

Awad bai sake samun namiji ba. Gazal ta ci gaba da shiga gidansa, ita ta yaye Yahuda, ba ta kuma tayar da zancen ba har ta rasu. Shi ne dai daga ranar, duk taron sunan da aka ce ya tashi ya yi bayani, sai ya ce a nemi wani.