Gaisuwar Baba Bayan Ciwonsa

Daga wurare uku na tattaro abin da zan rubuta: abin da na gani da idona a hutun da nake zuwa gida Madarumfa daga Yamai, da abin da mahaifiyata da yayata suka faɗa mini, da abin da aka koya mana a jami'a game da ƙwaƙwalwa. Ni ba likita ba ne, ilimin halittu na karanta. Shekarar da ciwon ya kama Baba ma ba a daidaita a kanta ba. Inna ta ce shekarar sanƙarau ce, wato 1995, Yaya kuwa ta ce damina ɗaya ta wuce bayan haka. Ba a taɓa ɗaukar hoton kan mahaifina ba, saboda haka duk abin da zan faɗa game da cikinsa zato ne, ko da yake zato ne mai dalili.

Baba masunci ne. Wata safiya yana gyaran taru a bakin tabki ya faɗi. Ƙanensa, wanda muke kira Baffa, shi ya kawo shi gida a amalanke. Tun suna yara jirgi ɗaya suke shiga. Hannun Baba na dama da ƙafar dama suka shanye, magana ta ɗauke. Majo, babban ma'aikacin jinya na garin, ya ce jini ne ya hau.

Ga yadda na fahimci lamarin. Umurnin motsi daga ƙwaƙwalwa yake tasowa, ya bi jijiyoyi ya sauka ta laka, wadda take cikin ƙashin baya, ya isa gaɓoɓi. Sai dai a wajen ƙeya yawancin jijiyoyin nan tsallakawa suke yi, na hagu su koma dama, na dama su koma hagu. Ke nan ba a hannun da Inna take shafa wa man shanu kullum ɓarnar take ba, tana ɓangaren hagu na kai. A can ne kuma magana take ga yawancin mutane: wani wuri ta gaba yana harhaɗa ta, wani ta baya, wajen kunne, yana fahimtar ta. Ban ce wa Inna ta daina shafawar ba.

Bayan wasu makonni gaisuwa ta dawo masa, ita kaɗai. A ce ina kwana, ya ce lafiya lau. Ina gajiya, babu gajiya. Har ƙarshe ba ya tuntuɓe. Fatiha ma yana karantawa. Amma ba ya iya roƙon ruwa, sunan kowa kuma ba ya fitowa. An koya mana cewa maganar da baki ya daɗe da sabawa takan tsira, wataƙila domin ba hanya ɗaya take bi da maganar da mutum yake ƙirƙira ba. Masu dubiya kuwa gaisuwar suke ji.

Wani taubashinsa ya zo daga Gabi, ya tsaya a kansa ya ce, "Rago, ka gaji da jan taru, ka zo ka kwanta ana yi maka fifita? Tashi ka ba ni kifina."

Baba ya dube shi ya ce, "Lafiya lau."

Aka yi dariya. Mutumin ya fita yana gaya wa jama'a ai ya warke, rowa ce kawai ta kulle masa baki.

Baffa ne yake zuwa kowace la'asar, ya zauna kusa da shi yana ba shi labarin ruwa. Da damina zazzaɓi ya kama Baffa, bai yi sati ba ya rasu. Inna ta so a bar Baba a ɗaki, dattawa suka ce shi ne babba, ba a karɓar gaisuwar mutuwa yana kwance a ciki. Aka ɗauko shi aka jingina shi a zaure. Liman ya durƙusa ya faɗa masa rasuwar a fili. Daga nan duk wanda ya ce ya haƙuri, sai Baba ya ce da godiya. Bai yi hawaye ba. Mutane suka tashi suna yaba tawakkalinsa.

Da aka watse, Inna ta same ni a bakin madafa ta ce, "Auta, kai da ka karanta cikin kai, faɗa mini. Ya san ƙanensa ya rasu, ko in sake gaya masa?"

Na gane tsoronta. In ya sani, za ta fama masa ciwo. In bai sani ba, ta bar shi yana jiran wanda ba zai zo ba. Na bayyana mata cewa in ɓarnar ta tsaya a gaba, yana fahimtar yawancin abin da ake faɗa, fitarwa ce ta gagara. In ta kai baya, maganarmu tana iya isa gare shi kamar ƙarar ruwa a kan kwano. Yakan miƙo hannu in an ce ya miƙo, amma mai faɗar ma miƙa nasa yake yi, don haka ba hujja ba ce. Kowace la'asar yana juya fuska wajen ƙofa; Yaya ta ce jira ne, ni kuwa ban ga abin da zai hana ya zama kewa ba.

Ta ce, "To wanne ne?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna."

Ba ta sake gaya masa ba. Ya ƙara rani ɗaya a tsakaninmu, sannan Allah ya karɓi abinsa. Na tambayi malamaina, suka ce sai da an gwada shi yana raye. Har yau Inna takan tambaye ni, kuma ba ni da amsa: shin Baba ya san Baffa ya riga shi tafiya?