Ƙunshi Tara da Malam Hamidu Ya Bari

Ina tsaye a barandar gidan haihuwa a unguwar Treichville ta Abijan, jikata ta fari tana hannuna, ko awa biyu ba ta yi a duniya ba, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Na miƙa jaririyar ga kakarta ina dariya, domin sunan Malam Hamidu na gani, kuma tun safe nake nemansa in yi masa albishir. Ban jira sallama ba na ce, "Mai Kado, fito da takardarka mafi kyau, na yi sabuwar amarya!"

Muryar da ta amsa ta Nasiru ce, babban ɗansa, wanda ke kirana Tonton, wato kawu. Ya ce, "Tonton, Papa ya rasu. Bayan asuba ne, a bakin masallaci. Ya ce kansa na juyawa, ya zauna, shi ke nan. Jana'iza bayan azahar."

Na yi salati, na ce daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma. Bakina ne ya faɗa. Murmushin da ke fuskata bai sauka ba, har wata ma'aikaciya da ta zo wucewa ta yi mini barka, na amsa mata. Na shiga woro-woro, tasin haɗaka, muka haye gada, ina kallon ruwa. Aka yi wa Malam Hamidu salla, aka kai shi, na zuba ƙasa da hannuna kamar kowa. Maƙwabtanmu na kasuwa, Jula da Baule, suna riƙe hannuna suna cewa yako, gaisuwar ta'aziyyarsu, ina cewa na gode. Har yau da nake wannan rubutu ban yi kuka ba. An yi sunan jikata, an yanka rago, na yi murna ta gaske, ba ta ganin ido ba. Amma idan na juya wajen Malam Hamidu a raina, sai in ji wurin kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Hamidu mutumin ƙasar Maraɗi ne, ya zo Abijan yana saurayi. Teburinsa na jikin nawa a wani lungu kusa da Mairie ta Adjamé, wato ofishin magajin gari, sama da shekara ashirin. Ni turare da carbi nake sayarwa. Shi naɗe kyauta ce sana'arsa, abin da mutanen nan ke kira kado. Za a kawo masa kayan aure, na suna, na sallamar wanda ya bar aiki, ya naɗe su. Yana da takarda mai ƙyalli don masu son ta, amma ba ita ce abin alfaharinsa ba. Yakan ɓare takardar tsakiya ta buhun siminti, wadda siminti bai taɓa ba, ya goge ta da dutsen guga har ta yi santsi. Telolin Treichville suna tara masa ƙyallayen atamfa. Gwangwanin madara idan ya lulluɓe shi da ƙyalle ya ɗinke bakin, sai ka rantse daga kanti ya fito. Sikoci kuwa, wato tef ɗin liƙi, bai taɓa hawa teburinsa ba. Yakan ce, "Abin da aka liƙe sai an yaga shi. Ni ba na son murnar mutum ta fara da yage-yage."

Abu biyu aka san shi da su. Na farko, ba ya fara naɗi sai ya tambaya, "Wa za a ba?" Idan ka faɗi suna sai ya ce ba suna yake nema ba. Yaro ne ko tsoho? Yana gani sosai? Da wane hannu yake cin tuwo, da wanne yake aiki? A gaban jama'a zai buɗe ko shi kaɗai a ɗaki? Masu sauri sukan ji haushi. Wata madam ta taɓa ce masa, "Papa, kai ɗan sanda ne?" Ya ce, "Ke kin riga kin san abin da ke ciki. Ba don ke nake naɗewa ba."

Na biyu, ba ya rubuta suna a jikin ƙunshi, domin bai iya rubutu ba. Lokacin da na shiga makarantar yamma da furfurata, na ja shi muka tafi tare. Mako uku ya yi ya daina. Ya ce malamar ta sa shi ya cika shafi guda da harafi ɗaya, shi kuma ya ga ɓarnar takarda ce. Daga nan ya laƙaba mini suna Ɗan Lakwal, wato ɗan makarantar boko, ko a gaban surukaina haka yake kirana. Idan mai kaya na son a sa kati, sai ya ɗaga murya, "Ɗan Lakwal, zo ka nuna mana abin da aka koya maka." Na sha ce masa ya bari in riƙa rubuta sunan masu kaya a ɗan guntun takarda muna maƙalawa. Ya ce, "Ranar da na manta mai kaya, ranar zan naɗe tabarmata in koma gida." Bai taɓa mantawa ba. Ban taɓa ganin ya miƙa wa wani kayan wani ba.

Ranar sadakar uku, matarsa Hajiya Ramatu ta aika aka kira ni cikin gida. Tana zaune a kan tabarma cikin kayan takaba, ƙunshi tara jere a gabanta. Nasiru ne ya kwaso su daga akwatin da ke ƙarƙashin tebur. Duk an gama naɗe su, babu suna ko a ɗaya.

Ta ce, "Alhaji, masu kaya sun fara zuwa. Nasiru ya ce a buɗe a gani. Ni na ce a'a. Malam bai taɓa bari wani ya ga kayan wani ba, kuma wannan ne aikin hannunsa na ƙarshe. Kai ne ka zauna kusa da shi. Ka ba kowa nasa, kada a kwance ko ɗaya."

Nasiru ya ce, "Maman, ba zai yiwu ba. Ko Tonton bai san su ba."

Gaskiya ya faɗa. Kwanakin ƙarshen cikin ɗiyata ba na zama a kasuwa, ban ga ko ɗaya ana naɗewa ba. Duk da haka na ce mata to. Ban yi tunani ba, kamar yadda ban yi tunanin komai ba a kwanakin nan.

Washegari da hantsi na jera su a kan teburinsa, na zauna a kujerata, ban hau tasa ba. Huɗu ba su ba ni wahala ba, domin girmansu da nauyinsu sun bayyana su: kwandon goro, agogon bango, tukwane, da tabarmar salla. Na biyar ne ya tsayar da ni. Wani Bayarabe mai sayar da tayoyi ya ce nasa mayafi ne a ɗan kwali, ga kuma ƙananan ƙunshi uku masu kama da haka. Muka tsaya muna kallon juna. Sai na ji bakina ya ce, "Wa za a ba?"

Ya ce, "Haka shi ma ya tambaye ni. Mahaifiyata ce. Idonta ya tafi shekara uku ke nan."

Na ɗauki ƙunshin ɗaya bayan ɗaya. Biyu takarda ce mai santsi. Na uku ƙyallen saƙi ne mai kaushi, an soka kanumfari a jikin igiyar daga farko har ƙarshe, ƙamshinsa na tashi tun kafin ka kai hanci. Na miƙa masa. Ya shinshina, ya rungume shi a ƙirji, ya tafi.

Haka na bi da sauran biyun. Wata budurwa ta ce na ƙawarta ne da za ta yi aure, bahaguwa ce, sai na sami wanda bakin igiyarsa ya kwanta ta hagu. Wani ma'aikacin tashar jiragen ruwa ya ce na ɗansa ne ɗan shekara biyar, sai na ba shi wanda aka naɗe sau uku da takarda kala uku, domin Malam Hamidu yakan ce yaro ya fi son buɗewa a kan abin da ke ciki, sai a tsawaita masa. Ina yin wannan aiki ina jin muryarsa sarai, amma raina shiru. Kamar lissafin da ake ba mu a makaranta nake yi.

Kafin azahar saura biyu. Kwalin takalmi ne dukansu, girma ɗaya, nauyi ɗaya, na girgiza su ƙara ɗaya. Dukansu takardar siminti, an ɗaure da faffaɗan ƙyalle shuɗi, da irin ƙullin da yake yi wa tsofaffi. Shi ya ƙirƙiro wannan ƙulli. Yana barin harshe mai faɗi wanda ko yatsu sun ƙage za su iya kamawa. Komai jijjigar mota ba ya kwancewa, amma da an ja harshen sau ɗaya sai takarda ta buɗe gaba ɗaya. Yakan ce, "Kada a sa dattijo ya nemi wuƙa a gaban jikokinsa."

Masu su suka zo kusan tare. Ɗaya Madam Akisi, tela a Treichville, ɗaya kuma Usmanu, direba a tashar motocin garin Basam. Na tambayi Madam wa za a ba. Ta ce tsohon maigidanta da ya koya mata ɗinki, hannunsa na rawa. Na tambayi Usmanu. Ya ce surukinsa, ya haura tamanin, shi ma hannunsa na rawa, kuma yau da la'asar zai kai masa Basam, gobe ake aurar da autar tsohon, da takalmin zai fita. Na Madam lamba arba'in da ɗaya, na Usmanu arba'in da huɗu.

Na juya su sama da ƙasa. Na fita da su rana. Na ƙirga ninkin kowane gefe, na shinshina, na shafa ƙyallen. Akwai alama, na san akwai, domin da yana nan ko kallo na biyu ba zai yi musu ba. Ni ban gan ta ba.

Usmanu ya ce, "Baba, lokaci na tafiya. Idan na kai wa tsohon nan takalmin da bai shige shi ba, har in mutu ana ba da labarina a gidan."

Madam ta ce, "Ka buɗe ɗaya kawai, Papa. Ba za mu faɗa wa kowa ba."

Na ce ba ni da wannan izini. Na kira Nasiru, na ce ya ba mahaifiyarsa wayar. Na gaya mata bakwai sun tafi yadda ta so, biyu sun gagare ni. Sannan ta ce, "Da a ba mutum kayan da ba nasa ba da sunan Malam, gara a buɗe. Amma kai za ka buɗe, kai za ka mayar."

Na ce su juya baya, suka juya. Na yi bisimilla na ja harshen ƙyallen. Ja ɗaya, takardar ta buɗe ta kwanta a kan tebur, ko ƙaramar yaga babu. Arba'in da huɗu. Na miƙa wa Madam Akisi ɗayan yadda yake, ta karɓa da hannu biyu.

Takardar ba ta ba ni wahala ba, domin sawun ninkinsa na nan, na bi shi kawai. Ƙullin ne ya ƙi. Shekara ashirin ina ganin yatsunsa suna yin sa kusa da gwiwar hannuna, ban taɓa cewa ya nuna mini ba. Na yi na farko, ya zame. Na yi na biyu, na ja harshen ya ƙara tsukewa. Na yi na uku da na huɗu. Usmanu na tsaye yana duba agogo, yana jin kunyar ya yi magana. A ƙarshe na yi ƙulli irin wanda kowa ke yi a bakin buhu.

Usmanu ya gwada shi da farce, ya ce, "Baba, wannan tsoho ba zai iya kwance shi ba."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Ba komai. Zan tafi da reza."

Ya sa kwalin a hammata ya nufi bakin titi. Na share teburin Malam Hamidu, na kife kujerarsa a kai, na koma nawa.

Ya Allah, ga bawanKa Hamidu ya zo gare Ka. Mun shaida ya riƙe amanar mutane, ya sauƙaƙa wa masu rauni a cikin abin da hannunsa ya iya. Ka sauƙaƙa masa tambayar kabari, Ka yalwata masa makwanci, Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ka sa Aljanna ce gidansa. Ka ba Hajiya Ramatu haƙuri da lafiyar fita takaba. Ka shirya Nasiru da ƙannensa, Ka haɗa kansu, Ka rufa musu asiri a wannan ƙasa da suka tashi a cikinta. Mu da muka rage a lungun nan, idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.