Ɗinkin Ngatinem a Kan Allon Wakijan

A ƙauyenmu da ke gefen garin Blitar, duk lasifikar da ka ji tana girgiza rumfar biki, to amfilifayarta, wato na'urar ƙara mata sauti, daga hannun Pak Wakijan ta fito (Pak a wajenmu kamar a ce Malam ne). Tun yana saurayi da kansa yake yin allon na'ura: ya zana hanyoyin jan ƙarfe sama da ƙasa, ya wanke a ruwan magani, ya huda ramuka ƙanana. Kowane rami sai ya zura masa guntuwar waya, ya ɗiga dalma gaba da baya, don wuta ta sami hanyar ƙetarewa.

To, ido ba ya shawara da mai shi. Tsufa ya zo, dalma dai yana iya ɗigawa, amma zura waya ta gagara. Ya ɗora tabarau kan tabarau, a banza. Ga aikin bikin kaciya an ba shi, kuma ya san in ya kasa wannan, ya rufe sana'a ke nan.

Matarsa Ngatinem, mai ɗinkin kwalliyar rigunan amare, ta ajiye masa kofi da soyayyen rogo, ta tsaya tana kallo.

"Pakne, baban yara, ramin yana hagu, kai kana sukar dama. Allon ya yi maka laifi ne?"

"Bune, uwar yara, je ki ga girkinki."

"Girkina na gani. Kai ne ba ka gani. Kawo nan!"

Ba ta yanka wayar gutsi-gutsi irin nasa ba. Doguwa ta ja, ta shiga nan ta fito can, tana ɗinkewa tana waƙa, kafin kofi ya huce ta ƙulla bakin zaren. Wakijan ya bi da dalma yana murmushi, sannan ya ɗauko filaya zai datse wayar da ke tsakanin rami da rami.

Caraf ta riƙe hannunsa.

"Me za ka yi?"

"Yankewa mana. In an bar ta haɗe, wuta za ta bi ko'ina, na'urar ta ƙone."

"Ɗinkina? Tun da nake ba a taɓa farke mini ɗinki ba!"

Sai da ya sa na'urar gwaji, ko'ina ya taɓa ta yi ƙara, alamar wuta na bin ko'ina, sannan ta yarda, tana ƙunƙuni. Ya kai filaya, hannu na lalube, saura kaɗan ya kankare hanyar jan ƙarfen. Ya ajiye filayar.

"Matsa, tsoho," in ji ta, ta zaro ɗan almakashinta daga ƙugu. "In dai yankewa dole ce, mai ɗinki ita ke yi."

Ranar bikin, ƙarar kiɗa har ƙauyen gaba. Tun daga nan kujeru biyu ne a teburin Wakijan, kuma har yau in za ta datse sai ta ce, "Kai, asarar ɗinki!"