Tagar Mailafiya da Yaɓen Hajiya Asiya

Wata safiya bayan Hajji, Mailafiya mai shayi ya janye kabad don ya share bayansa, sai ya ga tsaga a bango. Daga gindin tagar gilashi ta taso, ta miƙe har rufi. Ya sa ɗan yatsa, ya shige. Ko ranar Larabar nan ta farkon 1969 da ambaliya ta cika Makka har ta shiga Harami, bai ji tsoro kamar na yau ba. Ran nan yana ɗora buhun sukari a kan kanta, ruwa iya gwiwa, yana ce wa maƙwabta su kawo ganye, ga ruwan shayi kyauta. Yau kuwa tsintsiya ce ta kuɓuce masa.

Mailafiya mutumin Katsina ne. Ya baro gida yana saurayi, ya biyo ta Fort Lamy, wani wuri a ƙasa, wani wuri a bayan babbar mota. Ya daɗe yana tsinkar auduga a Wad Madani, can ya auri Asiya, suka ƙetare teku tare. A Makka ya fara da dakon ruwa, ya koma yawo da butar shayi a lungunan Mansur, daga baya ya samu hayar wannan ɗan shago. Duk unguwar an san shi da abu biyu: ba ya ƙin ƙara wa mutum sukari, kuma shi ya fara sa tagar gilashi a lungun, wadda Larabawa ke kira fatrina. Makon farko wani bunsuru ya ga kansa a ciki, ya ja baya zai yi karo, sai da Mailafiya ya fito da muciya.

Ya je ya gaya wa mai gidan da yake haya labarin tsagar. Mai gidan ya aiko injiniya, wani matashi ɗan Makka mai tabarau. Ya duba, ya kwaɓa farar ƙasa ta jibis, ya manna ɗan faci kamar tafin hannu a kan tsagar.

“Ya ammi, kar a taɓa wannan,” in ji shi, yana kiransa baffa da Larabci. “In na dawo na tarar ya fashe, bangon na tafiya, sai dai a rushe. In bai fashe ba, gyara ne kawai.”

Rushewa na nufin babu shago, kuma Mailafiya ya wuce shekarun yawo da buta. Ya mayar da kabad, ya rufe facin. A gida bai ce komai ba, don Asiya in ta sa abu a rai ba ta barci. Abokinsa Issoufou tela, mutumin Damagaram, shi kaɗai ya sani.

“Kullum kana leƙa bayan kabad,” in ji Issoufou. “Kaza ka ajiye a can tana kwanci?”

“Sha shayinka, kai da ba ka taɓa biya ba.”

“Ni ne adon shagon, a biya ni ya kamata.”

Adon shago na gaske kuwa aikin Hajiya Asiya ne. Kowace shekara, idan sanyi ya wuce, furen wardi na Ɗa’if ya fara saukowa kasuwa, lokacin da mutanen Hijaz ke kira rabi’i, ita ke gyara tagar. Jere take yi irin na ɗakin matan gida. Tasoshi masu fure a ƙasa, ƙananan kwanoni a kansu, butocin shayi a sama, kowace bakinta na kallon titi. Tsakani ta sa faranti da ruwa ta zuba wardi, ta kewaye da ganyen na’a-na’a. Idan rana ta dafa furen ta bayan gilashi, a kwashe a shanya, a jefa cikin shayi.

Bana ma haka. Mailafiya ya tafi kasuwa da sassafe sayen wardi, ya bar mata mabuɗi. Ya dawo da kwando a kafaɗa, tun daga bakin lungu ya hango mutane sun tsaya suna kallo. Tagar ta yi kyau ƙwarai, tasoshi sai ƙyalli suke. Ya shiga yana murmushi. Sai ya ga an janye kabad.

Bangon ya yi sumul. Babu tsaga, babu faci. An yi yaɓe da jar ƙasa, an goge da dutse, har an zana dagi da yatsa tun ƙasar na ɗanya.

“Uwar Zainabu! Ina farin abin nan?”

“Wanne? Wannan ƙazantar?” Asiya na wanke hannu a bokiti. “Na kankare. Malam, wa ya yi maka wannan aiki? Tsaga har sama, shi ya shafa ɗan wuri kamar mai sa wa jariri magani. In ka ba shi kuɗi ka je ka karɓo.”

Mailafiya ya zauna a kan buhu, kwandon wardi a cinya. Issoufou, da ya biyo shi, ya dafa ƙofa yana dariya har hawaye.

“Hajiya, aikin injiniya kika kankare! Mai tabarau!”

“Tabarau bai hana shi rashin iya yaɓe ba.”

Dole Mailafiya ya faɗa mata komai. Ta share hannu da gefen mayafi.

“Ni da muka ƙetare teku tare a jirgin ruwa mai yoyo, tsagar bango za ka ɓoye mini?”

“Don barcinki na yi.”

“Kai kana yin barcin? Juyi kake har gari ya waye, na ɗauka cikinka ne.”

Aka sake kiran injiniya. Ya tsaya gaban bangon, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya shafa zanen da tafin hannu, ya tambaya ko Hajiya za ta yarda ta yi wa mahaifiyarsa irinsa a tsakar gida. Sannan ya nemi afuwa, ya kankare ɗan wuri a tsakiya, ya manna sabon jibis. Jira ya koma farko. Asiya ta tsaya a kansa har ya gama, ta ce ko gefen ma bai daidaita da cokali ba.

Tun daga ranar ba a mayar da kabad ba. Asiya ta ce abin da ake tsoro gara a riƙa ganinsa. Masu shan shayi sun ƙaru, wasu don taga, wasu don su ga facin da ya sha kankara. Kowa ya shigo sai ya sunkuya ya duba kafin ya yi sallama. Wani direban motar haya ya rantse ya ga siririn layi, aka kawo fitila, ashe gashin tsintsiya ne. Issoufou ya hana mutane yin atishawa kusa da bangon.

Mailafiya na dariya tare da su, yana ƙara sukari, yana canja ruwan wardi kullum da safe. Amma idan babbar mota ta wuce, kofuna suka yi ƙara a kan kanta, idonsa na komawa wurin. Zuwa yau facin bai fashe ba. Injiniya ya ce zai dawo bayan wardi ya ƙare a kasuwa, sannan ya gaya wa mai gida ko a gyara ko a rushe. Har yanzu bai zo ba.