Ranar da Baba Ya Zaɓi Manhaja

A shekarun farko bayan sojoji sun koma bariki, ina koyarwa a wata firamare a Kwaciri, ina zaune a gidanmu na Fagge. Baba yana da kaset na waƙoƙi cike da akwati biyu, rikodarsa kuwa ta fara cinye zare. Wani abokin aikina ya ba ni tsohuwar kwamfuta, ya ce in zuba waƙoƙin a ciki, in ja wayar lasifika zuwa zaure da kicin, kowa ya ji daga inda yake. Sai dai babu manhajar da za ta tafiyar da ita.

Na kai ta Kasuwar Sabon Gari wurin wata Madam mai gyaran kwamfuta, Ibo ce haifaffiyar Kano. Ta jera faifai uku na manhaja a tebur.

"Wannan sai an rubuta mata umarni da Turanci. Wannan kyakkyawa ce, amma ta fi ƙarfin tsohuwar kwamfutar taka. Wannan kuwa hoto ake dannawa. Wa zai riƙa kunnawa?"

Na ce Baba. A raina ta farkon nake so, don a ce na iya.

"To Malam, ba kai za ka zaɓa ba. Kawo shi."

Ranar Asabar Baba ya saka babbar riga muka tafi. Madam ta rusuna ta gaishe shi, ta zaunar da shi gaban kwamfutocin gwajinta, kowacce da manhaja ɗaya a ciki. A ta farko ya daɗe yana neman harafi da yatsa ɗaya, ya ce, "Wannan ta masu jarrabawa ce." A ta ukun ta nuna masa hoton lasifika, ya danna. Sai ga waƙar mawaƙan cocinsu, wadda take gwada sauti da ita. Ta kai hannu za ta kashe.

"Bar ta, 'yata," in ji Baba. "Muryoyinsu sun haɗu."

Ya saurara har ƙarshe yana kaɗa ƙafa, sannan ya ce wannan za a saka mana.

Na yi makonni ina kwashe kaset ɗin bayan tashi daga makaranta. Da aka gama, Inna takan ɗaga murya daga kicin ta ce a canza mata waƙa, Baba ya yi kamar bai ji ba. Wata la'asar da ya tafi masallaci, na tarar da ita a kujerarsa da ludayi a hannun hagu, ta nemo kiɗan ƙwarya da kanta. Ta ce in matsa, ina tare mata allo.