Hannun Yaya Hollis da Kwaɗon Roba

Duk wanda ya dubi kunnena na hagu da kyau zai ga huji biyu. Ɗaya na 'yan kunne ne. Ɗayan kuwa aikin yayana ne, Hollis Tidmore, shi da wani kwaɗon roba. Shekara ashirin da shida ke nan, kuma kada wanda ya ce muku na huce.

Ni ce Ozella, ƙanwarsa, mu biyu kacal iyayenmu suka bari a bakin tafkin Guntersville. Mijina, Allah ya ji ƙansa, ko daga kan gada ya hango ruwa sai ya kau da kai. Matar Yaya kuma har ta bar duniya ba ta shiri da ƙarnin kifi. Shi ya sa a ƙungiyar masu kamun kifin bas ta garinmu ni ce abokiyar kwalekwalensa, shi a gaba, ni a baya, muna faɗa tun fitowar rana har mu dawo gaɓa.

Yaya ya yi shekara talatin da huɗu yana tsaron injuna a masana'antar saƙa safa. Zare na tsinkewa, kafin ka ƙifta ido ya tsayar da inji ya ɗaura. Saurin hannun nan shi ya ciyar da gidansa, shi ya kai 'yarsa Lanette jami'a. A kan ruwa ma ya yi masa rana. Ba shi tanar roba da siririyar sanda mai laushin baki, ya jefa ta nutse, to ko sunsunawa kifi ya yi sai ya ji a yatsa, kafin kifin ya tofar an riga an soke shi. A nan kam babu na biyunsa, ni da ba na yabonsa ma na yarda.

Kwaɗo ne ya kunyata shi. In Oktoba ta shigo, ciyawar ruwa takan rufe lungunan tafkin kamar an shimfiɗa tabarma, manyan bas kuma su kwanta a ƙarƙashi. Tanar roba ba ta ratsawa. Ɗan kifin katako mai ƙugiyoyi reto-reto ciyawa kawai zai kwaso maka. Sai kwaɗo, wanda ƙugiyoyinsa biyu ke kwance a bayansa, kana jansa a kan ciyawar yana tsalle-tsalle. Can sai ka ji ɓam! Kifi ya fasa ciyawa ya kawo cafka. To a nan ake bambanta mutane. Ba a fizga a lokacin, don sau da yawa kifin bai riga ya rufe baki a kansa ba. Sai ka daure, ka ƙirga ɗaya, biyu, ka ga zare ya miƙe, sannan ka ɗaga sanda da dukan ƙarfinka. Kowa ya san wannan a garinmu. Yaya ma ya sani sarai, hannunsa ne bai taɓa yarda ba.

Ruwa na fashewa sai ya fizga, kwaɗo ya taso sama fiii ya nufo bayan kwalekwale, inda ni baiwar Allah nake zaune. Ya buge mini hula ya fi a ƙirga. Ran da ya kama kunnena, haka na je gaban likita da kwaɗo kore yana lilo a gefen wuyana. Burl Stancil, mai gyaran injin kwalekwale, wanda bakinsa ba ya hutawa sai yana tauna, shi ya raɗa masa suna Fizgau, sunan kuma ya bi shi har coci. Yaya ya tattara kwaɗinsa ya zuba a gwangwanin kofi, ya yi rantsuwa shi da su har abada.

Yana da shekara saba'in da biyu ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, wata safiya cikin Fabrairu, yana ba karensa abinci. Na tsorata, ba zan ɓoye ba, na yi kuka a mota har na kasa tuƙi. Allah ya tashi kafaɗunsa. Magana ta dawo, ƙafa ta dawo tana ɗan ja. Hannun dama ne ya dawo wani iri. Ƙarfi akwai saura, amma kan yatsun ba ya jin komai, kuma in ya umarci hannun ya tashi sai hannun ya tsaya shawara tukuna. Ka miƙa masa kofi, sai ka ɗan jira kafin yatsun su rufe.

Lanette ta zo daga Birmingham, inda take koyarwa, ta gyara masa ɗaki a gidanta, ta cire makullin kwalekwalen daga ƙusa ta jefa a jaka.

"Baba, za a sayar da shi. Ka zo ka zauna da mu."

"In zauna in yi me? In riƙa gadin talabijin?"

"Ka zauna da ranka! In ka faɗa ruwa fa? Gwaggo ce za ta tsamo ka? Ita ma da kyar take hawa matakala."

Na ce, "Ke, ki yi da ubanki, ki fitar da gwiwoyina daga bakinki."

Ba muguwa ba ce, tsoro ne ya cika ta, uba ɗaya ya rage mata. Amma ni na san in aka raba Hollis da tafkin nan, ba zai ga wata bazarar ba. Shi da bakinsa ya yanka sharaɗi: gasar ƙungiya ta ƙarshen shekara, Asabar ta biyu a Oktoba. In ya kawo kifi ko ɗaya kan sikeli, wanda ya kama da hannunsa, kuma ya cika inci goma sha biyar ɗin da doka ta ce, a mayar masa da makulli. In ya dawo hannu rabbana, ta sayar, shi kuma ya haɗa akwati.

Bayan ta tafi na ce masa, "Yaya, mene ne abin damuwa? Kwalekwale ɗaya, buhun zuba kifi ɗaya. Wa zai san wanda ya kama?"

Ya yi mini wani kallo da rabon da in gan shi tun muna yara. "Ni zan sani. Ranar ko sanda ba za ki riƙe ba, Ozella. Komar kwaso kifi kaɗai za ki ɗauka."

Ranar jajiberi da la'asar muka shiga garejinsa zaɓen kaya. Ya ɗauko siririyar sandarsa da jakar tanar roba, ja da baƙa da mai ruwan ƙasa, yana shafa su kamar jikoki. Da ya shiga gida shan magani, na zaro tsohuwar sandar kwaɗonsa daga bayan kwalaye, doguwa mai taurin tsiya, mai dogon mariƙi da mutum zai tokare a haƙarƙari. Na naɗa mata sabon zare saƙaƙƙe, irin mai yanka ciyawa, na matse birkin abin naɗin don kada zaren ya cukurkuɗe masa, na ɗaura baƙin kwaɗon da na saya a ɓoye. Na tura ta can ƙasan akwatin sanduna na rufe.

Da sassafe Lanette ta miƙo mini makullin a bakin ruwa. "Ke za ki tuƙa, Gwaggo. In kun dawo ki mayar mini a hannuna." Ta ɗaure wa ubanta rigar ruwa mai hana nutsewa da kanta, har da jan igiya sau biyu.

Burl ya leƙo daga nasa kwalekwalen. "A'a, Fizgau! An sako ka? Ozella, kin zo da hular kwano dai ko?"

"Na zo da allura da zare, Burl, na ɗinke baki."

Safiyar nan ba na son tunawa da ita. Yaya yana jefa tana da hannu biyu, jifan ba nisa amma ba laifi. Ni ina kallon zaren, ina ganin ya yi ɗan zillo, kifi ya ɗauka, shi kuwa bai ji komai ba. In na ce "Yaya, ga shi!" kafin hannun ya tashi an tofar. Sau bakwai na ƙirga. Ya canza ja, ya canza baƙa, ya canza ƙugiya, duk ɗaya. Wajen ƙarfe sha ɗaya ya ajiye sandar a cinya, ya zuba wa hannunsa ido. Na buɗe masa burodi da soyayyar kaza, ko kallo bai yi ba.

"Shi ke nan, Ozella. Yatsun sun mutu. Mu koma."

Raina ya ɓaci, kuma in raina ya ɓaci ba na iya lallashi. Na tayar da inji na kai mu wani lungu da ciyawa ta rufe ruf, na zaro sandar na dangwara masa.

"Me zan gani haka? Na yi rantsuwa!"

"Rantsuwarka ta sha ruwa. Tanar roba da yatsa ake jin ta, kai kuma ba ka da yatsa. Kwaɗo da ido ake ganinsa. Idon ma ya shanye ne?"

"Kunnenki fa?"

"Akwai saura ɗaya. Jefa, malam!"

Ya yi tsaki, ya jefa. Kwaɗo ya sauka a kan ciyawa, ya riƙa jansa da hagu a hankali, tsalle, tsaya, tsalle. Jifa na farko shiru. Na biyu shiru. Wajen na goma sha wani abu, kwaɗon ya iso bakin wani ɗan fili da ba ciyawa, sai ruwa ya fashe, ɓam!

Ni dai jikina ya riga ya haddace darasinsa. Na duƙe, na rufe kunnuwa da hannu biyu, ina jiran kwaɗo ya wuce ta kaina. Shiru. Babu abin da ya wuce. Na ɗago, sai na ga zare ya miƙe yana tafiya gefe cikin ciyawa, sannan ne fa hannun Yaya ya taso, mariƙi a haƙarƙari, kafaɗa da ƙugu duk suka juya tare. Sandar nan mai taurin tsiya ta lanƙwashe har ina jin kukanta.

"Ya kamu! Yaya, ya kamu! Ɗaga kansa, kada ka bari ya nutse!"

"Rufe mini baki ki kawo koma!"

Ya naɗa, kifi ya ja, ya naɗa. Ya taho da ciyawa kusan cikin kwando. Na zura koma na kwaso duka, ciyawa da kifi, na faɗi zaune a ƙasan kwalekwale. Da na yaye ciyawar sai ga uwar bas, baki kamar bokiti, kwaɗon ya shige can ciki, ƙugiyoyi biyun sun kafe a dasashi. Na kurma ihun da na tabbata an ji a ƙetaren tafki. Yaya kuwa ya zauna yana haki, yana kallon hannun, sai dariya ta kama shi, dariya har da hawaye.

"Ozella, na rantse miki ban jira ba. Ina ganin ruwa ya fashe na fizga, kamar kullum."

"To me ya faru?"

"Hannun ne bai iso da wuri ba."

Muka sa kifin a akwatin ruwa don ya kai sikeli da rai. Kafin ƙarfe biyu ruwa ya sake fashewa sau huɗu, ya kama biyu. Ban sake duƙawa ba, sai sau ɗaya, shi ma don sabo.

A wurin awo mutane sun cika, ana soya tarwaɗa a gefe. Yaya ya ƙi a riƙe masa buhu, ya ja ƙafarsa har gaban sikeli. Uku ne kifinsa, ba biyar ɗin da gasar ta yarda kowa ya kawo ba, saboda haka bai zo na ɗaya ba. Amma da aka ɗora babbar ita kaɗai, mai awo ya ɗaga murya: laba bakwai da rabi, babu wanda ya kawo kamarta ranar. Wuri ya kaure da tafi da fito. Burl ya matso ya leƙa bakin kifin, ya ga inda ƙugiya biyu suka huda, ya cire hula.

"Kwaɗo? Kai, Fizgau? Wa ya koya maka haƙuri da tsufanka?"

"Asibiti na je aka sa mini," in ji Yaya. "Kai ma ka je, ko za su duba maka bakin."

Aka mayar da kifayen ruwa kamar yadda aka saba. Shi ya saki babbar da kansa, ya durƙusa a bakin gadar katakon da ake ɗaure kwalekwale yana riƙe da leɓenta har ta kaɗa wutsiya ta tafi.

Na cika alkawari, na zaro makullin na sa wa Lanette a tafin hannu. Idonta ya yi ja, ta sha kuka a bayan mota tana tsammanin ban gani ba.

"Gwaggo, tsakaninki da Allah, shi ya kama?"

"Duba kwalekwalen. In kin ga sandata ki sayar har da ni."

Ta juya wajen ubanta. "Rigar ruwa kullum, Baba. Kuma ba ka fita sai da Gwaggo."

"Wannan ai hukunci ne, ba sharaɗi ba," ya ce. "Na yarda."

Ya miƙo hagu, don ita ya saba karɓar abu da ita yanzu. Lanette ta ture ta, ta kamo hannun daman, ta ɗora makullin a tafinsa. Yatsun ba su motsa ba. Ni har na buɗe baki zan ce ta sa masa a aljihu, sai na ga leɓenta yana motsi, tana ƙirgawa a hankali. Ba ta janye hannunta ba sai da yatsun suka rufe.