Keken Washin Baba Ilyasu a Hindawiyya

A watan nan mahaifina, Ilyasu mai washin wuƙa, yake cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Sunansa bai taɓa shiga jarida ba sai yau. Amma mahautan da suka yi aikin Mina a zamaninsa, da matan da suka dafa wa alhazai abinci tsakanin unguwannin Misfala da Hindawiyya a nan Makka, duk sun san ƙarar kekensa. Keke ne da ba ya zuwa ko'ina: an kafe shi a ƙofar gidanmu, dutsen washi a gabansa, da gwangwanin da yake ɗigo ruwa a kan dutsen. Baba yana taka feda, dutse yana juyawa, layi ya cika da wannan kukan ƙarfe da muka tashi a cikinsa har muka daina jin sa.

Ba a Makka ya koyi sana'ar ba. Kakana ya baro ƙasar Kano a ƙafa da niyyar Hajji, da matarsa da ɗansa guda, suna tafe suna aiki. Suka ratsa Chadi da Sudan, guzuri ya ƙare musu a Asmara, can ƙasar Iritiriya, ciwo kuma ya kwantar da tsohon. Baba, wanda a lokacin ya fara zama saurayi, shi ya fita neman abin da za a ci. Allah ya haɗa shi da wani dattijon Bature ɗan Italiya, cikin waɗanda suka yi zamansu a garin bayan mulkin ƙasarsu ya ƙare. Kowa Mastiro yake ce masa, kamar yadda mu za mu ce malam. Yana da ɗan shagon wuƙaƙe da almakasai da ake kawo masa daga gida, da keken washi irin wanda Baba ya zo ya haɗa wa kansa a nan.

Har ya bar duniya, Baba bai daina yaba wuƙar mutanen Italiya ba. Yakan ce kusan kowane gari nasu da irin tasa. Akwai ta makiyaya mai naɗewa, bakinta kamar ganye, ƙotarta ƙahon rago. Akwai doguwa siririya ta yanka nama, a fitar da shi shara-shara har ana hango haske ta cikinsa. Akwai mai kama da jinjirin wata, mariƙi biyu, ta daddatsa ganye. Abin da ya fi burge shi, mutanen da suka zauna suka yi wa kowane aiki tunanin wuƙarsa, suka ƙera ta don ta kai wa jikoki. Da suka tashi ƙetarowa Jidda, Mastiro ya ba shi ta girki guda. Da ita Inna, mahaifiyata, ta yanka albasar tuwon aurena. Washi ya cinye ta har ta koma kamar tsinke, tana hannun ƙanwata yanzu, kuma har gobe ba ta yarda kowa ya taɓa.

Ni ma girkin nake yi. Ina da ɗan wurin dafa abinci a Misfala, muna yi wa alhazai tuwo da masa da shinkafar Larabawa. Ma'aikatana, in wuƙa ta dakushe, kwandon shara suke jefa ta, su je shagon kayan arha su ɗauko sabuwa mai ƙotar roba. Hadaya ma yanzu a waya mutum yake biya, ba ya ganin ragon balle mahaucin. Nakan tambayi kaina me Baba zai ce. Ina jin ba zai yi faɗa ba, don ba mai faɗa ba ne. Zai sunkuya ne ya tsamo wuƙar daga cikin ɓawon albasa, ya goge ta da gefen rigarsa, ya gwada bakinta a farcensa, ya ce, "Uwata, wannan ai da sauranta." Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba.

Akwai abu na biyu da ya koya wurin Mastiro, wanda bai cika son a yi maganarsa ba. Dattijon mutumin kudancin ƙasarsu ne, inda a da in maza suka saɓa wuƙa ce take raba su. Suna da salon faɗa da ita da ake gada daga uba zuwa ɗa, kamar yadda ake gadon dambe a gidan mahauta. A irin wannan faɗan aka kashe masa wa. Da yamma in sun rufe shago, yakan miƙa wa Baba guntun itace, shi ma ya riƙe ɗaya, ya nuna masa yadda ake tsayawa a kaikaice, yadda ake naɗe hannun hagu da riga a mai da shi garkuwa, da yadda ƙafa take kauce wa tsini tun kafin ido ya gama gani. Ya ce masa hanyar da ke gabansu doguwa ce, kuma shi kaɗai ne namiji mai lafiya a gidansu.

Mu dai abin da muka gani muna yara wasa ne. Wani lokaci yakan ɗauki muciyar Inna ya ba yayana ludayi, ya ce ya taɓa shi in zai iya. Bai taɓa iyawa ba. Inna ba ta son wannan wasan ko kaɗan, takan ce a garin da ko tsuntsu ba a kora me za a yi da shi. Na taɓa tambayarsa ko irin na 'yan tauri ne. Ya yi dariya ya ce ɗan tauri so yake wuƙa ta same shi ta ƙi ci, shi kuwa malaminsa cewa ya yi kada ta same ka tun farko.

Sau ɗaya na ga abin da gaske, kuma shi ne dalilin wannan rubutun.

Ana gab da hawan Arfa ne, bayan la'asar, zafi kamar bango zai narke. Irin lokacin ne mahauta suke yin layi a ƙofarmu da wuƙaƙensu a naɗe cikin buhu, kafin su wuce Mina. Na zo gida gaishe su, ina tsaye a bakin ƙofa zan miƙa wa Baba shayi. A lokacin ya haura saba'in. Cikin masu jiran akwai Sule, mutumin Maraɗi, shiru-shiru, wanda ya zo da iƙama, wato takardar izinin zama da aiki, ya bar mata da 'ya'ya a gida, shekaru bai samu komawa ba. Akwai kuma Mansur, haifaffen unguwarmu, mai bakin tsiya, wanda ya mai da tsokanar baƙi abin nishaɗi. Ya fara da Larabcin Sule, aka yi dariya. Ya koma kan takalminsa. Daga nan ya faɗi wata magana a kan matar da Sule ya bari a gida, maganar da ba zan maimaita ba.

Baba ya gama wasa wuƙar fiɗar Sule ke nan ya miƙa masa. Na ga fuskar mutumin ta sauya, ba ihu, ba zagi. Layin ya dare. Mansur ya ja da baya har bayansa ya daki bango, babu inda zai bi.

Ban ga lokacin da Baba ya sauko daga keke ba. Na dai gan shi a tsakaninsu, ya riga ya naɗe hannun hagunsa da tawul ɗin da yake rataya a kafaɗa, ya tsaya a kaikaice irin tsayuwar nan ta wasan muciya.

"Sule, dube ni," in ji shi, da muryar da yake tambayar mutum ko zai sha shayi. "Ni na wasa ta, na san abin da za ta yi. Ba ni."

"Baba, kauce," Sule ya ce. "Kai ma ka ji abin da ya faɗa."

"Na ji. Ƙarya ya yi, kuma zai janye ta a gaban kowa. Amma in ka taɓa shi, 'ya'yanka ba za su sake ganinka ba."

Wataƙila da Sule ya ji maganar, da Mansur bai zaɓi wannan lokacin ya zabura zai gudu ba. Sule ya kai masa suka ta gefen Baba. Baba ya gusa kaɗan, ya tare da naɗaɗɗen hannun, ya kama wuyan hannun Sule da na dama ya murɗa shi ƙasa. Wuƙar ta faɗi, ya take ta da ƙafa. Kafin shayin da ya zube daga hannuna ya gama gangarawa, an gama. Sai da tawul ɗin ya rine muka gane ta ratsa. Washin Baba ne, ba tawul ɗin da zai tare ta.

Sule ya zube ƙasa yana kuka kamar yaro. Wasu suka ce a kira 'yan sanda. Baba, yana riƙe da hannunsa, ya ce jininsa ne ya zuba, shi ke da hakki, kuma ya yafe. Ya ƙi shiga motar asibiti sai da Mansur ya tsaya a gaban mutanen da suka yi dariya ya ce ƙarya ya yi, ya nemi gafara da Hausa, ba da Larabcin da yake taƙama da shi ba. A asibiti da aka tambaye shi, cewa ya yi wuƙar da ya wasa ce ta yanke shi a wurin aikinsa. Bai ƙara ba, bai rage ba.

An ɗinke hannun, amma yatsu biyu ba su sake lanƙwasawa ba. Mai washi da hannu biyu yake riƙe ƙarfe, don haka aikin da yake gamawa kafin azahar ya koma kai shi magariba, almakashin tela da askar wanzami kuwa dole ya haƙura da su. Wannan ya yi masa ciwo, na sani, don na sha ganinsa yana kallon yatsun in yana zaton ba mai ganinsa. Inna ba ta ɓoye nata fushin ba. Sule ya riƙa zuwa duk Juma'a da tsokar nama a leda, ita kuma ta riƙa mayar masa da abinsa. Ta ce wa Baba ya sayar da hannunsa saboda mutum biyun da ba su haɗa komai da shi ba, ɗaya mahaukaci ɗaya mara kunya. Ya ce mata haka ne. Bai taɓa yi mata gardama a kan wannan ba, bai kuma taɓa cewa ya yi nadama ba. Sai da aka yi shekaru kafin ta karɓi naman, ranar ma cewa ta yi ya cika kitse.

Kwanakin baya ɗana Faisal, wanda yake tuƙin tasi, ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa. Wasu 'yan Italiya ne a babban ɗaki mai tsabta, da wuƙaƙen katako, wani farin tsoho yana koya musu. Yanzu abin ya zama wasan motsa jiki da raya al'adar kakanni, har mata a ciki. Faisal Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa sai a hankali, amma ya nuna tsohon ya ce, "Ummi, ba haka kika ce Kaka ya tsaya ba?" Haka ne kuwa, har ɗan karkata kafaɗar. Ina jin da Baba ya gani zai ji daɗi cewa katako suke riƙewa, kuma kowa zai koma gidansa ya ci abincin dare. Zai kuma gyara wa wasunsu ƙafa, don na ga masu tsayawa da faɗi.

Ciwon ajalin Baba bai daɗe ba. Aka yi masa salla a Harami cikin sauran gawawwakin ranar, mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba suka bi sahu. Kaburburan Makka ba a rubuta musu suna, yayyena ma da suka kai shi ba za su iya nuna wurin yanzu ba. Layinmu ya canza, maƙwabta sun watse, waɗanda suka san shi suna ta raguwa.

Sule ya koma Maraɗi da ƙafarsa, yana fawa a can, ya aurar da 'ya'yansa mata yana tsaye a kansu. Duk shekara yakan aiko wa Inna gaisuwa ta bakin alhazan garinsu. Mansur yana nan, ya yi furfura, bakin dai bai mutu duka ba, amma ban sake jin ya taɓa iyalin wani ba. Shi ya shiga ramin tare da yayyena ya karɓi Baba. In na auna abin da mahaifina ya bari, a nan nake tsayawa: mutum biyu da suka kusa ƙarewa a yammaci guda, ɗaya a ƙasa ɗaya a kurkuku, ga su sun tsufa cikin jikokinsu. Yatsu biyu ya bayar, kuma shi bai taɓa ganin ya yi tsada ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa shi a addu'a.